Ɓoyayyun Shafukan Gwaji a Tsohuwar Wayar Salula: Yadda Ake Buɗe Su da Yadda Ake Karanta Su

Sandunan sabis huɗu ko biyar da ke gefen fuskar tsohuwar wayar salula ba awo ba ne na haƙiƙa, taƙaitawa ce da kamfanin da ya ƙera wayar ya yi domin kada lissafi ya dami mai ita. A ƙarƙashin waɗannan sanduna wayar tana auna ƙarfin siginar turken sadarwar da take kai da na turakun da ke maƙwabtaka da shi, tana ƙididdige kurakuran da ke shiga cikin murya yayin kira, tana kuma lura da zafin batir da ƙarfin wutarsa, muddin tana kunne. Injiniyoyin masana'anta da na kamfanonin layi da masu gyara suna buƙatar ganin waɗannan alƙaluma, shi ya sa aka gina musu shafuka na musamman a cikin manhajar wayar, sannan aka ɓoye su daga jerin abubuwan da mai saye yake gani. Buɗe shafukan ba shi ne babban aiki ba. Wahalar tana wuri biyu: rarrabe lambar da ke nuna bayani kawai da wadda ke sauya wani abu ko goge shi, da kuma fahimtar abin da alƙaluman suke nufi bayan sun bayyana.

Lambobin da ake dannawa da alamar tauraro da ta hash sun yi kama da juna a ido, amma ba gida ɗaya suke zuwa ba. Kashi na farko na GSM ne kansa, wato tsarin sadarwar da waɗannan wayoyi suke amfani da shi, wanda aka tsara a Turai aka kuma fara kira da shi a Finland a shekarar 1991, kuma dole kowace waya ta san su ko wane kamfani ne ya ƙera ta. Mafi shahara ita ce *#06#, wadda ke fito da lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, nan take ba tare da an danna madannin kira ba, domin amsar tana cikin wayar. Lambar tana da alƙaluma 15: takwas na farko suna nuna samfurin wayar, shida na biye su ne lambar wannan waya ita kaɗai, na ƙarshe kuma na tantancewa ne da ake lissafo shi daga sauran. Duk mai sayen tsohuwar waya ya kamata ya gwada abin da fuskar ta nuna da abin da ke rubuce a takardar da ke ƙarƙashin batir, domin saɓani a tsakaninsu yana nufin an canza allon cikin wayar, ko an canza jikinta, ko kuwa an taɓa lambar.

Sauran lambobin wannan kashi tambaya ce ake aika wa kamfanin layi, shi ya sa sai an danna kira kuma sai da sabis. *#21# tana tambaya ko an karkatar da dukkan kira zuwa wata lamba, *#61# ta shafi kiran da ba a ɗauka ba, *#62# ta shafi lokacin da wayar take kashe ko ba ta cikin sabis, *#67# kuma lokacin da ake kan wani kiran, yayin da ##002# take soke dukkan karkatarwar baki ɗaya. A nan wata jita-jita ta daɗe tana yawo cewa waɗannan lambobi suna tona asirin masu sauraron waya a ɓoye. Ba haka ba ne. Baƙuwar lambar da mutum kan gani bayan ya danna *#62# galibi ta akwatin saƙon murya ce na kamfanin layin, kuma sauraron da ake yi daga cikin na'urorin kamfani ba ya barin wata alama da waya za ta iya nunawa ta wannan hanya.

Kashi na biyu na kamfanin da ya ƙera wayar ne, ba ya fita daga cikinta, kuma lambar wannan kamfani ba ta aiki a wayar wancan. A wayoyin Nokia, *#0000# tana nuna sigar manhaja da ranar da aka fitar da ita da lambar nau'in wayar, abin da mai gyara ke fara dubawa kafin ya yi filashin, wato sake ɗora wa wayar manhaja. *#92702689# tana buɗe shafin garanti, inda ake ganin wata da shekarar ƙira, da ranar gyara idan an taɓa shigar da ita, a wasu samfura kuma har da jimillar sa'o'in da aka yi ana kira tun da aka haɗa wayar, ƙidayar da mayar da saiti ba ya goge ta. Wannan ƙidaya ta fi kyawun jikin waya gaskiya, tunda jiki ana sake shi. Sai dai a shafin akwai gurbin ranar saye da ake iya cikewa sau ɗaya tak, idan an rubuta kuskure ya zauna ke nan, kuma a tsofaffin samfura ba a fita daga shafin sai an kashe wayar an sake kunna ta.

Akwai kuma *3370#, wadda aka daɗe ana cewa tana buɗe wani ajiyayyen caji na gaggawa. Abin da take yi shi ne kunna ingantacciyar hanyar sarrafa murya da ake kira EFR, wadda Nokia da Jami'ar Sherbrooke ta Kanada suka samar, kuma maimakon ta ƙara caji, ɗan ƙarin wuta ma take ci. Wadda ke rage cin batir ita ce *4720#, mai kunna hanyar sarrafa murya ta rabin gudu, ita ma sai idan kamfanin layi yana karɓarta, kuma farashinta shi ne murya ta dusashe. Ana kashe kowacce ta hanyar maye tauraron farko da hash.

Lambobi biyu sun cancanci a tsaya a kansu saboda kamarsu ta yi yawa. *#7780# tana mayar da saiti yadda ya fito daga masana'anta ba tare da ta taɓa saƙonni da hotuna ba, amma *#7370# a wayoyin Nokia masu manhajar Symbian tana share ma'ajiyar wayar gaba ɗaya. Dukkansu suna neman lambar tsaro, wadda asalinta 12345 ce idan mai waya bai canza ta ba, kuma mutane da yawa ba su taɓa canzawa ba. Takwarar *#7370# a wayoyin Samsung da dama ita ce *2767*3855#, wadda ta fi haɗari domin ba ta tambayar ko an tabbata. A watan Satumban 2012, a wani taron masana tsaron kwamfuta da ake kira Ekoparty a birnin Buenos Aires, wani mai bincike, Ravi Borgaonkar, ya nuna cewa ana iya ɓoye wannan lamba a cikin shafin intanet ta yadda buɗe shafin kawai zai share wayar Galaxy S III, har sai da aka fitar da gyara. Jerin lambobin da ke yawo a hannun jama'a sukan jera mai nuna sigar manhaja da mai share waya a layi ɗaya, babu wani gargaɗi a tsakaninsu.

Kashi na uku shi ne mafi daraja, kuma shi ne wanda madannai kaɗai ba sa buɗewa. A wayoyin Nokia na ƙarshen shekarun 1990 da farkon 2000, irin su 5110 da 6110 da 3210 da 8210 da kuma 3310 wadda ta fito a shekarar 2000 aka sayar da kimanin miliyan 126, akwai cikakken kayan awo mai suna Net Monitor. Masu gyara suna kiran wannan zuriya ta wayoyi DCT3. Manhajar awon tana nan cikin kowace waya tun daga masana'anta, abin da ya rage kawai shi ne wata alama a ma'ajiyar saiti da ke cewa a nuna ta ko kada a nuna, kuma ana juya wannan alama ne da umarnin da ke shigowa daga kwamfuta ta kebul.

Wayoyin suna magana da kwamfuta ta hanyoyi biyu. MBUS igiya ɗaya ce da aikawa da karɓa suke karɓa-karɓa a kanta, a gudun bit 9,600 cikin sakan, FBUS kuwa tana da igiyar aikawa daban da ta karɓa daban, a gudun bit 115,200. A 5110 da 6110 mahaɗin yana gindin wayar, amma a 3210 da 3310 ƙananan tabo ne na ƙarfe da ke ƙarƙashin batir, saboda haka kebul ɗinsu yana da wani mazauni da ke shiga tsakanin batir da jikin waya. Ba a haɗa waɗannan tabo kai tsaye da tsohuwar kafar siriyal ta kwamfuta, domin wutar kafar tana iya kai bolt 12 alhali wayar tana aiki da wajen bolt 3, dole a sami abin da ke daidaita ƙarfin a tsakani. Yawancin kwamfutocin yanzu ma ba su da wannan kafa, sai a nemi mahaɗin da ke juya USB zuwa siriyal mai ƙaramar wuta. Ta ɓangaren manhaja, gnokii da Gammu kyauta suke kuma dukkansu suna da umarnin kunna Net Monitor, Marcin Wiącek wanda ya fara Gammu kuwa yana cikin waɗanda suka tattara bayanin ma'anar shafukan tun lokacin da wayoyin suke sababbi. A zuriyar da ta biyo baya abin ya ƙara wuya, domin yawancin wayoyin ba sa buɗewa da umarni ɗaya, sai an yi musu filashin ko an ɗora wata manhajar ta daban.

Idan umarnin ya shiga, sabon gurbi zai bayyana a ƙarshen jerin menu, inda ake rubuta lambar shafin da ake so. Lambobi uku a cikinsu umarni ne, kuma rashin saninsu ya sa mutane da dama sun rufe ƙofar da suka sha wahalar buɗewa. 243 ita ce cikakkiyar siga ta injiniyoyi, kuma da ita ake kunnawa daga kwamfuta. 242 tana rage shafukan zuwa na ma'aikatan kamfanin layi kawai, 241 kuma tana cire gurbin gaba ɗaya, sai an koma ga kebul kafin ya dawo. Wanda yake son ganin fuskar wayarsa ta yau da kullum ba tare da ya rasa gurbin ba, sifili zai rubuta. Danna tauraro a riƙe kuma yana sauya alƙaluman shafi zuwa gajerun sunayensu, wanda shi ne kaɗai jagoran da wayar take bayarwa.

Shafi na 1 ne ya fi kowanne amfani, amma ba ya karantuwa sai an san yadda GSM yake raba iska. A zangon megahaz 900, tashoshi suna da faɗin kilohaz 200 kowacce, masu lamba 1 zuwa 124 a tsarin asali, a zangon 1800 kuma daga 512 zuwa 885, saboda haka lambar tashar da ke saman shafin ta isa ta nuna zangon da wayar take kai. Har ainihin wurin ana iya lissafawa: a zangon 900 ana ninka lambar tasha da 0.2 a ƙara 935, wato tasha ta 50 tana nufin turke yana aikowa a megahaz 945, wayar kuma tana mayar masa a 900, tunda tazarar aikawa da karɓa megahaz 45 ce. Kowace tasha an yanka lokacinta gida takwas, kamar mutum takwas da ke magana bi da bi a zaure ɗaya, kowa ya faɗi tasa a gurguje ya yi shiru har zagaye ya dawo kansa. Zagayen yana maimaituwa wajen sau 217 a sakan, kuma wannan kunnawa da kashewa ita ce ƙarar nan da ake ji a lasifika ko rediyo idan kira ya kusa shigowa wayar da ke kusa da su.

Alƙalami na biyu shi ne ƙarfin siginar da ke isowa, a ma'aunin dBm da ake ƙidayawa da desibel, kuma kullum da alamar ragi yake zuwa, wato idan aka ajiye alamar gefe, ƙaramar lamba ita ce sigina mai ƙarfi. Tsarin GSM yana bayar da rahoto daga -110 zuwa -48. Wajen -60 ko -70 sigina ce mai kyau ƙwarai, -85 tana wadatarwa, daga -100 zuwa ƙasa kuwa an shiga bakin iyaka. Abin da ke ruɗar mai fara karatu shi ne ma'aunin ba ya tafiya ɗaya bayan ɗaya: ragin desibel 3 rabin ƙarfi ne, ragin 10 kashi ɗaya cikin goma ne, saboda haka tsakanin -70 da -100 akwai bambancin ninki dubu, alhali a fuskar waya bai wuce sanda biyu ko uku ba. Babu kuma wata ƙa'ida da ta ce sanda kaza daidai take da awo kaza, kowane kamfani yana yanka nasa, shi ya sa gwada sandunan wayoyi biyu daban ba ya tabbatar da komai.

Ƙarfi ba shi ne inganci ba, kuma a nan ne shafin yake raba gardama. Yayin kira akwai wani awo daga 0 zuwa 7 da ke nuna yawan kurakurai a cikin abin da aka karɓa, inda 0 ke nufin ƙasa da kashi 0.2 cikin ɗari, 7 kuma sama da kashi 12.8. Tunda tashoshi kaɗan ne, dole kamfanin layi ya maimaita tasha ɗaya a turaku daban-daban, kuma idan biyu daga cikinsu suka iso wuri guda sai su yi wa juna kutse. Mai waya zai ga sanduna cike amma murya tana yankewa, ya ɗauki waya ya kai gyara, a canza masa sifika ko makirufo a banza. Sigina mai ƙarfi tare da inganci 5 ko 6 ba laifin waya ba ne a mafi yawan lokuta, matsalar wurin ce da tsarin turakun. Kusa da wannan awo akwai wata ƙidaya da ke bayyana yadda kira yake yankewa. Wayar da turke suna musayar saƙon kula kusan kowane rabin sakan, kowane saƙon da ya lalace yana rage ɗaya daga ƙidayar, kowane mai kyau yana ƙara biyu har zuwa iyakar da kamfanin layi ya sa, idan ta kai sifili sai a saki kiran. Mai kallon shafin yana iya ganin yankewar tana tahowa tun kafin ta auku.

Akwai kuma alƙalamin da mutane suka fi sha'awa, mai nuna nisa. Saboda wayoyi takwas suna raba tasha ɗaya, saƙon wadda take nesa zai iso a makare ya faɗa cikin lokacin wata, shi ya sa turke yake umartar kowace waya ta riga lokacinta da wani gwargwado. Wannan gwargwado yana tafiya daga 0 zuwa 63, kowane mataki kimanin mita 550, abin da ya sa iyakar turken GSM na yau da kullum ta tsaya a wajen kilomita 35 komai ƙarfin siginarsa. Idan shafin ya nuna 4, turken yana wajen kilomita biyu da 'yan kai. Sai dai awon tsawon hanyar da sigina ta bi ne, wadda tana iya zama ta karo da gini ko dutse ta dawo, kuma yana da ma'ana ne kawai lokacin da wayar take magana da turke, abin da ke nan sauran lokaci tsohon awo ne.

Na gaba shi ne matakin ƙarfin da wayar take aikawa da shi. A zangon 900 iyakar wayar hannu wat 2 ce, wato mataki na 5, a zangon 1800 wat 1, kuma turke ne yake umartar ta ta rage idan yana jin ta sosai. Wannan shi ya bayyana dalilin da batir yake saurin ƙarewa a inda sabis ba shi da ƙarfi, ya kuma bayyana wata cuta da tsofaffin wayoyi suka shahara da ita, ta mutuwa da zarar an danna kira alhali batir yana nuna cike. A cikakken ƙarfi wayar tana fizgar wuta da ta kusa amp 2 a kowane ɗan gajeren lokacin aikawa, tsohon batir kuwa yana iya riƙe bolt ɗinsa idan ba a nemi komai a wurinsa ba, amma ya durƙushe da zarar an fizga. Shafi na 20 da na kusa da shi suna nuna bolt ɗin batir da zafinsa da halin caji, kuma abin dubawa shi ne yadda bolt yake faɗuwa yayin kira, domin awon da aka ɗauka waya tana zaune ba ya tona komai. Batirin lithium da ya cika yana kai wajen bolt 4.1 ko 4.2. Zafin da ba ya shiga hankali, kamar a ce batir yana cikin ƙanƙara a ɗaki mai ɗumi, yakan nuna datti ko lanƙwasa a ƙafar da ke karanta zafi, kuma hakan kaɗai ya isa ya sa waya ta ƙi caji.

Shafuka na 3 zuwa na 5 suna jera turken da ake kai da maƙwabtansa, kowanne da tasharsa da ƙarfinsa da makin da wayar take amfani da shi wajen zaɓe, shafi na 11 kuma yana bayar da lambar ƙasa da ta kamfanin layi da ta yanki da ta turken kansa. Lambar ƙasa 244 ta Finland ce, 262 ta Jamus, kuma mazauna kan iyaka suna gane ta nan cewa wayarsu ta tsallaka zuwa turken maƙwabciyar ƙasa. Idan turaku biyu masu kusan ƙarfi ɗaya suna yankuna daban, waya tana iya yin ta kai da komo a tsakaninsu, kuma duk sauyin yanki sai ta sanar da kamfanin layi, abin da ke cin batir ko da ba a taɓa ta ba.

Da waɗannan shafuka ana iya yin gwajin da a ganina ya fi duk wata dabara ta gano laifin eriya. A ajiye wayoyi biyu a wuri ɗaya da layin kamfani ɗaya, a tabbatar suna kan tasha ɗaya, sannan a kalli awonsu na ɗan lokaci, domin sigina tana hawa da sauka da desibel kaɗan ko da ba a motsa ba. Idan ɗaya tana ƙasa da 'yar'uwarta da desibel 10 ko 15 a kai a kai, laifin yana cikinta, a mahaɗin eriya ko sashen karɓa. Idan tana karɓa daidai amma ta kasa shiga layi ko ta kasa kira, hankali sai ya koma kan sashen aikawa ko batir. Idan kuwa dukkansu suna nuna rauni iri ɗaya, babu abin da buɗe waya zai gyara.

Shafi na 12 yana nuna ko ana kulle muryar da ke tafiya a iska, da irin makullin: A5/1 shi ne na asali, A5/2 mai rauni ne da aka yi domin fitarwa zuwa wasu ƙasashe kuma daga baya aka hana sa shi a sababbin wayoyi, rashin kulle kuwa shi ma yana bayyana. Wannan ya fi duk lambobin jita-jita kusa da batun saurare, domin a GSM turke ne ke tantance waya, waya ba ta tantance turke, kuma turken bogi yana iya umartar ta ta daina kullewa. Duk da haka ba hujja ba ce yankakkiya, tunda akwai kamfanonin layi da ba sa kunna kullen tun asali.

Ba dukkan shafukan Net Monitor ne na kallo kawai ba. Shafi na 17 yana ɗaure waya a kan tasha ɗaya, wadda ake ajiye lambarta a gurbi na 33 na littafin lambobin katin sim, domin injiniya ya auna turke guda ba tare da wayar ta gudu zuwa wani ba. Wanda ya kunna shi ya manta, da ya bar yankin turken zai ga wayarsa ba sabis sam, kira ba ya shiga ba ya fita, ya ɗauka ta lalace. Shafi na 19 kuma yana sa waya ta yi watsi da alamar da kamfanin layi yake sa wa turken da bai buɗe wa jama'a ba. Ya kamata a rubuta yadda aka sami kowane saiti kafin a taɓa shi, a kuma kwafe lambobi da saƙonni tun kafin a haɗa kebul.

Sauran kamfanoni sun bi tasu hanyar, wasu ma sun fi sauƙi. A wayoyin Sony Ericsson ana shiga shafin gyara da madannin zirga-zirga: dama, tauraro, hagu, hagu, tauraro, hagu, tauraro. A ciki akwai bayanin manhaja da halin kullen layi, da gwajin fuska da madannai da sifika da makirufo da jijjiga ɗaya bayan ɗaya. A wayoyin Samsung da yawa *#0*# tana buɗe irin wannan gwaji, *#0228# tana nuna halin batir, *#0011# kuma tana nuna awon sadarwa. Tsofaffin wayoyin Android suna karɓar *#*#4636#*#*, iPhone kuma *3001#12345#* sannan a danna kira. Amfanin gwajin sassa shi ne yana tsallake saiti da manhajojin da aka ɗora, saboda haka sifikar da ta yi ƙara a shafin gwaji amma ta yi shiru a kira lafiyarta ƙalau, a nemi laifin a wani wuri. Kamfanonin layi kan rufe wasu daga cikin lambobin a wayoyin da suka sayar da sunansu, don haka lamba ta ƙi aiki ba alamar lalacewa ba ce.

Shafukan gwaji ba sa ƙara ƙarfin sigina, ba sa buɗe wayar da aka kulle wa layin kamfani ɗaya, wanda lambarsa daban ce kuma yawan kuskure yana rufe ƙofarsa, ba sa kuma canza IMEI, aikin da a Birtaniya dokar 2002 ta mayar da shi laifi, wasu ƙasashe ma suna da irinta. Wani sabon cikas kuma shi ne tsarin da waɗannan wayoyi suka sani yana ɓacewa. Telstra ta rufe GSM ɗinta a Ostireliya a Disambar 2016, AT&T ta rufe nata a Amurka a farkon 2017, Singafo ta rufe gaba ɗaya a Afrilun 2017, Japan kuwa ba ta taɓa amfani da GSM ba. Ga kuma batun zango: 3310 ta asali tana aiki a 900 da 1800 ne kawai, saboda haka ba ta taɓa iya shiga layi a Amurka da Kanada ba, inda ake amfani da 850 da 1900, sai 'yar'uwarta 3390 da aka yi musu. Idan shafi na 1 da jerin maƙwabta suka fito wayam, kafin a yanke wa sashen karɓa hukunci sai a sa wayar ta nemi kamfanonin layi da hannu, a kuma gwada wata wayar GSM da aka san tana aiki a wuri ɗaya. Idan ita ma ba ta ga kowane turke ba, to abin da ya rage mai amfani a wayar shi ne shafukan batir da gwajin sassa, waɗanda ba sa buƙatar turke ko kaɗan.